Babu Mai Mara Baya

A majalisar ƙaramar hukumar kowa Dakta yake ce mata, alhali neman digirin da zai ba ta wannan suna ne ya kawo ta garin, kuma bai zo hannu ba tukuna. Ta gyara musu har ta gaji ta bari. Malama ce a jami'a, sashen kimiyyar siyasa, kuma tambaya ɗaya bincikenta yake bi: idan doka ta ware wa mata kujera a majalisa, me ke faruwa da matar da ta zauna a kai?

Aikin nata zama ne. Duk ranar da majalisa za ta zauna sai ta je sakatariya, ta hau matakalar nan mai tsawo da ƙunci wadda ko lafiyayye sai ya tsaya a tsakiya ya mayar da numfashi, ta samu bencin can baya ta buɗe littafinta. Wa ya yi magana, wa aka katse, wa aka yi wa dariya, wa ya ɗaga hannu har ya gaji ya sauke. Farfesan da ke duba aikinta ya ja mata kunne tun kafin ta taso.

"Ki zama bango," in ji shi. "Bango ba ya gyaɗa kai, ba ya tafi, ba ya ba da shawara. Ranar da kika sa baki, kin daina binciken majalisarsu, kin koma binciken kanki."

Malama kuwa ɗaliba ce mai jin magana, irin wadda ake nuna wa sauran ɗalibai a ce su yi koyi da ita. Zama bango ma bai yi mata wuya ba, don ko a gida kusan haka take. Ɗaki ɗaya ta kama a bayan shagon wani mai gyaran firiji, daga katifa sai tebur sai risho. Tun rasuwar mijinta ta kai 'yarta wurin Inna don ta samu ta gama karatun. In ta buga waya yarinyar takan ce lafiya lau, makaranta ma lafiya lau, sai ta miƙa wa kakarta wayar ta koma wasanta. Akwai ranakun da Malama za ta wuni, ban da gaisuwar mai gyaran firiji ba wanda ya ji muryarta. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, amma ta sa masa suna natsuwar aiki.

Matar da ke kan kujerar mata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya ta buɗe ɗan kemis. Anti Nas ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Doguwa ce mai kakkaurar murya, kuma rabin kansilolin nan ita ta yi musu allura suna yara, abin da ba su yafe mata ba har yau. Wata rana bayan an tashi, ta tare Malama a bakin matakala.

"Ke 'yar nan, kullum rubutu kike kamar mala'ika. Ta dama ce ke ko ta hagu?"

Malama ta yi murmushi ta fara bayanin bincikenta.

"Ajiye wannan. Riƙe min jaka, gwiwar nan ba ta son gangara."

Malama ta yi tunani ta ga riƙon jaka ba sa baki ba ne, ta karɓa. Daga riƙon jaka aka koma rakiya, daga rakiya aka koma shan shayi da la'asar a bayan kantar kemis, tsakanin kwalayen magani. Anti Nas ta ja fatar idonta ta duba ta ce jininta ya yi ƙasa, ta ɗora ta a kan magani ko tambayarta ba ta yi ba. Ta sa ta nuna mata hoton yarinyar, ta yi mata faɗa a kan barin 'ya ta saba da rashin uwa. Ba a daɗe ba ta daina ce mata Dakta, ta koma ƙanwata. Malama ta ci gaba da faɗa wa kanta cewa duk cikin aiki ne, amma ta daina zuwa da littafin.

A nan ta fara jin maganar ƙudurin. Duk wata majalisa tana zaman sauraron jama'a, inda kowa ke da damar zuwa ya kawo kukansa. Sai dai a saman bene ake yi. Tsofaffi da masu tsohon ciki da guragu a kan kekunansu a ƙasa suke tsayawa, cikin inuwar bango, suna ba wa masu hawa saƙo, saƙon da yawanci a matakala yake zubewa. Akwai babban zaure a ƙasa. Ciyaman ya ce ana gyaransa, amma kowa ya san buhunan simintin surukinsa ne a jibge a ciki.

"A sauko da zaman ƙasa, shi ke nan abin da nake nema," in ji Anti Nas. "Ba na neman kujerar kowa. Tun da na shigo majalisar nan suke tafa min in na yi addu'ar buɗewa, su yi hira in na fara magana. Wannan karon zan kawo shi a rubuce, a yi wadda za a yi."

Ban da zaman kallo, wani ɓangare na aikin Malama shi ne ganawa da kansiloli ɗaya bayan ɗaya. Da alkawari take buɗe kowace ganawa: abin da mutum ya faɗa mata ba zai fita da sunansa ba, ko a takarda ko a baki. Mutanen kuwa, da yake ba wanda ya taɓa zama ya saurare su bai nemi komai ba, sai suka riƙa sakin baki.

Kansila Direba ya karɓe ta a garejinsa, ya kori yaransa waje, ya rage murya. "Dakta, ƙanena gurgu ne. Ni na san abin da matakalar nan take. Wallahi matar nan gaskiya gare ta. Amma in na ɗaga hannu ni kaɗai, unguwarmu ta ga ta kanta, ko kwalbati ba za a ƙara yi mana ba."

Hedimasta, wanda ya bar alli ya shiga siyasa, a barandarsa ya faɗa mata kusan haka. "Da da wanda zai fara, ni ne na biyu. To wa zai fara? Sauran duk 'yan kanzagin Ciyaman ne, musamman Mai Katako."

Mai Katako, a cikin ƙurar zarto, ya rantse mahaifiyarsa ta taɓa wuni a ƙasan benen nan ta koma gida ba ta ga kowa ba. "Raina ya ɓaci ranar. Amma kin ga Hedimasta ɗin nan? Kunnen Ciyaman ne. In na motsa, kafin in sauke hannu labari ya kai."

Haka ta yi ta ji, daga wannan zuwa wancan. Da ta zauna a ɗakinta ta haɗa hirarrakin, sai abin ya fito mata fili. Masu goyon bayan Anti Nas sun fi rabin majalisa, kuma kowannensu ya yi imani shi kaɗai ne. Duk garin ba wanda ya san haka sai ita.

Ta buga wa Farfesa. Bai bari ta kai aya ba.

"Madalla! Wannan shi ne zuciyar aikinki. Mutane suna rubuta irin wannan a kan hasashe, ke ga shi za ki gani da idonki."

"Ranka ya daɗe, amma in ba wanda ya mara mata baya ƙudurin mutuwa zai yi. Ko da ɗan hannunka-mai-sanda ne..."

"Kin yi musu alkawari ko ba ki yi ba?"

"Na yi."

"To. Amana ce. In kika karya, gobe ba ke ba, duk wani mai bincike da ya shigo garin nan ƙofa za a rufe masa."

Farfesa ba mugu ba ne, kuma abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Amma Malama ta san akwai hanyoyin da ba sai an ambaci sunan kowa ba. Tana iya cewa, Anti, kafin ranar nan ki zaga ki gaishe su ɗaya ɗaya. Tana iya cewa, ki gayyaci mutum uku shan shayi lokaci guda, ki bar su su kalli juna. Ta juya waɗannan kalmomi a bakinta har ta haddace su. Kuma in za a faɗi gaskiya, a ƙarƙashin maganar amana akwai wani abu da ba ta so ta kalla: tana son ta ga abin da zai faru in ba a taɓa ba.

Ana gobe zaman, Anti Nas ta zuba mata shayi, ta cire tabarau ta ajiye a kan kanta.

"Ƙanwata, ke kina shiga wurinsu. Ba suna nake tambayarki ba. Akwai ko mutum ɗaya da ke tare da ni?"

Malama ta kalli kofin. "Anti, kin san ba zan iya faɗin abin da aka faɗa min ba."

Anti Nas ta daɗe tana kallonta, sannan ta gyaɗa kai a hankali, irin na wadda ta sha ganin likita ya sunkuyar da kai a gaban dangin mara lafiya. "Na gane," ta ce. "Sha shayinki kada ya huce."

Malama ta ga sarai abin da Anti ta ɗauka, cewa ba ta da kowa. Ta buɗe baki, sai wata mata ta shigo neman maganin tari, ita kuma ta ji daɗin shigowarta.

Ranar zaman ɗakin ya cika. Anti Nas ta zo da sabon mayafi, ta miƙe ta karanta ƙudurinta ba gargada. Ta ambaci tsofaffi, ta ambaci masu ciki, ta ce hukumar da sai mai ƙafa biyu lafiyayyu ke iya kai mata kuka hukumar rabin jama'a ce. Ta zauna.

Ƙa'idar majalisa ita ce ba a tattauna ƙuduri sai wani ya mara masa baya. Ciyaman ya gyara zama, ya yi murmushin nan nasa na mai haƙuri da yara.

"Mun gode wa uwarmu. Akwai mai mara baya?"

Ɗakin ya yi tsit. Daga bencinta Malama tana ganin komai. Direba ya ɗago hannu daga cinyarsa, ya saci kallon Hedimasta, sai ya kai hannun ya sosa kunne. Hedimasta ya kalli Mai Katako. Mai Katako ya duƙufa yana karanta takardar da ke gabansa kamar yau ya fara ganin boko. Kowa yana jiran kowa. Anti Nas ta bi fuskokinsu ɗaya ɗaya, ba ta yi sauri ba, daga ƙarshe ta juyo ta kalli bencin baya. Ba taimako take nema ba, ta san baƙuwa ba ta da hannun ɗagawa a nan. Fuskar da ta sani kawai take son gani. Malama ta sunkuya ta rubuta abin da ya faru, don shi ne aikinta.

"Babu mai mara baya," in ji Ciyaman. "Sakatare, abu na gaba."

Da aka tashi Anti Nas ta ɗauki jakarta da kanta, ta sauka tana dafa bango. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa ta ajiye kujerar.

Farfesa ya karanta babin ya ce bai taɓa ganin ɗalibi ya kama abu a kan gaɓa irin haka ba, har ya fara maganar taron ƙasa da ƙasa. Malama ta yi godiya, ta ajiye wayar, ta zauna a bakin katifa. Ba ta da wanda za ta faɗa wa an yabe ta. Wadda za ta so ta faɗa wa ita ce babin ya yi magana a kanta.

Ta yi kwanaki tana bin wata hanya don kada ta wuce ta gaban kemis. Ran nan dai ta kasa, ta shiga. Anti Nas na kan kujera tana jera magunguna, ta rame, amma ta yi mata fara'a kamar kullum, ta ɗora ruwan zafi.

"Ba faɗuwar ce ta dame ni ba, ƙanwata. Na sha faɗuwa. Abin da ya ci min rai, ko mutum ɗaya babu. Na zauna da mutanen nan, na je sunan 'ya'yansu, na je ta'aziyyar iyayensu. Sai na ce to me nake yi a nan? In kujerar ado ce, a nemo mai kyau ta zauna."

Malama ta ɗago ta kalle ta. "Akwai, Anti."

"Akwai me?"

"Masu goyon bayanki. Sun fi rabi. Kowa tsoron farawa yake, yana zaton shi kaɗai ne."

Anti Nas ta ajiye kwalin da ke hannunta. Ruwan ya tafasa, ba wadda ta kula shi.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin zaman."

"Ranar da na tambaye ki kin sani?"

"Na sani."

Anti Nas ba ta ɗaga murya ba, kuma Malama ta so a ce ta ɗaga. "Kada ki faɗa min sunayensu, ba na so. Na san amana." Ta shafa gwiwarta. "Ni dai na ɗauka ƙanwa Allah ya ba ni da tsufana. Ashe ni ma aikin makaranta ce."

"Wallahi Anti ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Malama, wadda ta rubuta shafuka a kan dalilin shirun mutane, ta kauce wa tambayar.

"Ki koma, Anti. Har yanzu ba a cike gurbin ba."

"In koma in zauna ina kallonsu, na san abin da ke cikinsu, suna kallona suna sosa kunne? Da ban sani ba ma ya fi sauƙi." Ta miƙe ta sauke butar, ta zuba kofi ɗaya ta tura mata. "Sha, Dakta. Allah ya ba da sa'ar karatu."

Malama ta shanye shayin da zafinsa don ta samu ta fita.

Zama ɗaya ya rage mata a garin, ta je don ta rufe aikin ta yi sallama. Ta tarar an share matakala an goge tagogi. Wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan hukumomi ta aiko a ɗauki hoton majalisa don rahotonta na shekara. Mai hoto ya jera kansiloli a kujerunsu, ya leƙa ta na'urarsa, ya ɗago.

"Ranka ya daɗe, sun ce lallai a ga mace a ciki."

Ciyaman ya waiga hagu ya waiga dama, idonsa ya faɗa kan bencin baya. "Ga Dakta nan! Zo ki cike mana gurbin nan, ai kin zama 'yar gida. Hoto ne kawai."

Ta ce ita ba 'yar majalisa ba ce. Aka yi dariya, aka ce wa zai tambaya. Kafin ta ankara an janye mata kujerar, kuma ita mace ce da ba ta iya musu a gaban jama'a ba. Ta zauna, Direba a damanta, Hedimasta a hagunta.

Mai hoto na gyara fitilarsa, Direba ya karkato ya yi mata raɗa. "Dakta, abin matar nan yana damuna. Da wani ya fara..."

Bai rufe baki ba Hedimasta ya sunkuyo ta ɗaya kunnen. "Ba mu kyauta ba. Amma kin san yadda abin yake, ni kaɗai..."

A nan abin da ta daɗe tana riƙewa ya ƙwace mata. Ba ta rage murya sosai ba.

"Don Allah ku daina faɗa min. Ku faɗa wa juna. Maganarku ɗaya ce."

Suka ɗago suka kalli juna ta saman kanta. Direba ya buɗe baki. Hedimasta ya cire hula ya mayar.

"Kai ma?"

"Ni da na ɗauka kai na Ciyaman ne."

"Ni? Allah ya kiyaye."

Har Mai Katako, da ke kujera ta gaba, ya miƙo wuya yana sauraro, fuskarsa ta sauya. Malama ta bi su da kallo. Ta karya alkawarinta, ta ɓata aikinta, kuma abin bai ɗauki tsawon shan kofin ruwa ba. Abin da ya gagare ta tsawon makonni ke nan. Ta jira ta ji ɗayansu ya ce to, a zama na gaba.

Hedimasta ya yi ajiyar zuciya. "Kash. Ai da mun sani."

"Yanzu sai a sake kawo shi," in ji Direba.

"Haka ne. To wa zai kawo?"

Direba ya kalli Hedimasta, Hedimasta ya kalli Mai Katako, Mai Katako ya koma ya jingina. Sannan a hankali duk suka juyo suna kallon kujerar mata, da wadda ke zaune a kai, wadda gobe za ta hau mota ta bar garin.

"Hajiya ta tsakiya," in ji mai hoto, "ɗan saki fuska mana."